Famfon zagaya ruwa a tukunyar ɗumama gida: wanne za a saya, kuma ina ake ɗaura shi?

"Assalamu alaikum Injiniya. Yayana ne ya aiko mana da tukunyar ɗumama ɗakuna daga Turkiyya, irin wadda ake hura wa itace ko gawayi, an rubuta kilowat 12 a jikinta, tare da lagireton bango guda biyar, saboda mahaifiyarmu da sanyin hunturu ke tayar wa ciwon gaɓoɓi. Bara aka haɗa mana ita a gidanmu da ke Hanwa. Gidan ba bene ba ne, kuma akwai ƙaramin tanki da aka ɗora a cikin silin. Matsalar ita ce lagireto biyu na kusa da tukunyar suna zafi zau, na uku ɗumi-ɗumi, biyun da ke ɗakin Hajiya kuwa sanyi ƙalau, ga tukunyar tana ƙugi kamar za ta fashe. Mai gyaran famfonmu ya ce a sa injin tura ruwa mai rabin doki, irin wanda muke kai ruwa tanki da shi. Hakan ya yi? In bai yi ba wanne zan saya, kuma a ina ake ɗaura shi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka muku da alheri kai da yayanka. In na fahimce ka, an haɗa maka tukunyar ne ba tare da wani abin tura ruwa ba, ruwan da kansa yake zagayawa, kuma ƙarfinsa yana ƙarewa kafin ya kai ɗakin da aka yi wahalar dominsa. Mai gyaranka ya gano cutar, sai dai maganin da ya rubuta ba shi ba ne. Famfo kam ana bukata, amma ɗan ƙarami ne wanda zai zauna a tafin hannuwanka biyu, wanda wutar da yake ci ba ta kai ta fankar silin ba. Kuma abin da zai fi ɗaukar hankalina a aikinka ba zaɓen famfon ba ne, abin da zai faru ne daren da aka ɗauke wuta alhali itace na ci a cikin tukunya.

Irin wannan aikin na ƙasashen sanyi ne, a Zariya ba a saba da shi ba. Gidajen zama da na taɓa yi wa ba su da yawa. Inda na fi gogewa da waɗannan famfunan shi ne tankunan ruwan zafi na hasken rana da ɗakunan renon 'yan tsaki. Amma ruwa ɗabi'arsa ɗaya ko a ina.

Dalilin da ɗakin Hajiya yake da sanyi

Ruwa in ya yi zafi nauyinsa raguwa yake yi. Lita 1,000 a digiri 60 suna da nauyin kilo 983, a digiri 80 kuwa kilo 972. Wannan bambancin na kilo 11 shi ne duk ƙarfin da ke tafiyar da ruwan gidanka a yanzu: mai zafi ya yi sama, mai sanyi ya sauko ya danno shi. Idan tazarar tsayi tsakanin tsakiyar tukunya da tsakiyar lagireto mita ɗaya ce, turin da ake samu bai wuce na ruwa mai zurfin milimita 11 ba, wato faɗin ƙaramin yatsanka. A gidan da ba bene ba ma sau da yawa tazarar ba ta kai mita ɗayan ba. Shi ya sa tsofaffin gidajen Turai da aka gina kafin zuwan famfo suke ajiye tukunya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, su yi amfani da manyan bututai masu inci biyu ko fiye. Sai a ƙarshen shekarun 1920 wani Bajamushe, Wilhelm Opländer na kamfanin Wilo, ya fito da na'urar hanzarta zagayen ruwan, daga nan aka samu damar rage kaurin bututu.

To da ƙarfi mai faɗin yatsa, ruwan yana bin hanyar da ta fi kusa ya dawo. Ƙugin da kake ji kuma ruwa ne yake tafasa a jikin ƙarfen da ke kusa da wuta, don ba ya gushewa da wuri, ƙwayoyin tururi su taso su haɗu da ruwan da bai kai su zafi ba su fashe. A nan Zariya, da yake muna sama da teku da fiye da mita 600, ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 98.

Kafin ka kashe ko kwabo, ka yi abu biyu. A saman kowane lagireto akwai ɗan noti na fitar da iska. Ka sassauta shi, ka tara tsumma, za ka ji "fsss", ka bari sai ruwa ya fara fitowa sannan ka ɗaure. Lagireton da ƙasansa ke da ɗumi samansa sanyi, iska ce a ciki, ba famfo yake nema ba. Na biyu, ka rage buɗin bawul ɗin da ke mafitar lagireto biyun nan na kusa, su daina shanye ruwan su kaɗai. Ban sa ran wannan zai warware maka matsalar gaba ɗaya ba, amma ko an sa famfo sai an yi shi.

Me ya hana injin mai rabin doki?

Injin da kuke kai ruwa tanki da shi ɗaga ruwa yake yi daga ƙasa zuwa sama, ya sake shi can. Yana cin wat 370, irinsa kan iya tura ruwa tsayin mita 30 ko fiye, kuma yawancinsu don ruwan sanyi aka ƙera su, na 'yan mintoci ko awa guda. A bututun ɗumama gida babu abin da ake ɗagawa. Ruwan da ke hawa da wanda ke sauka suna riƙe da juna, kamar guga biyu cike da ruwa a igiya ɗaya da aka rataya a kurar jan ruwan rijiya: ɗan taɓi kaɗan ya isa ya motsa su. Aikin famfon kawai ya rinjayi gogayyar ruwa da jikin bututu da kwanoni (wuraren da ya lanƙwasa) da bawul-bawul. In ka sa mai rabin doki, ruwa zai riƙa ambaliya ta bututun numfashi (buɗaɗɗen bututun da ke fitar da iska da tururi daga tukunya) zuwa cikin tankin silin, bututai su yi ta kuka, iska ta yi ta shiga tana cinye ƙarfe da tsatsa, Hajiya kuma ba za ta runtsa ba saboda ƙara.

Ga lissafin girman da kake bukata. Don sanin litar da zai tura a awa, ka ninka kilowat da 860, ka raba da bambancin zafin da kake so tsakanin ruwan da ke fita da wanda ke dawowa. Kilowat 12 sau 860, a raba da digiri 20, ya ba da wajen lita 520 a awa, kusan lita 9 a minti. Jarka mai lita 25 a cikin minti uku ke nan. Ko da digiri 10 ka ɗauka, lita 17 ne a minti. Ƙarfin turi kuwa, ka auna tsawon bututu daga tukunya zuwa lagireto mafi nisa da dawowa. A ce mita 50. Akan ƙiyasta santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, sai a ninka biyu saboda kwanoni da bawul. Za ka samu kanka a wajen mita ɗaya da rabi.

Don haka wanda aka rubuta wa 25-40 ya ishe ka har da saura. Lambar farko girman bututun da ake haɗa shi da shi ce, milimita 25, wato inci ɗaya. Ta biyu na nufin iyakar turinsa mita 4. Akwai 25-60 mai mita 6, kuma mai shago zai so ya ba ka shi don "ya fi ƙarfi". Gidan bene ko dogon bututu siriri ne ke bukatarsa. Ka lura da tsawonsa ma, akwai mai milimita 130 akwai mai 180, ka auna gurbin kafin ka tafi kasuwa. Sunayen da aka fi sani su ne Grundfos na Denmak da Wilo na Jamus. Ka fara tambaya a shagunan kayan famfo na Sabon Gari da wajen masu haɗa ruwan zafi na sola, in babu a sa su kawo maka daga Kano ko Kaduna. Jabu sun yi yawa, ka ɗaga ka ji nauyinsa, ka duba ko akwai takarda da lambar ƙira.

Iri biyu ne. Tsohon yayi mai gudu uku, wanda ke cin wat 25 zuwa 60, da sabon yayi mai kwakwalwar lantarki wanda ke daidaita gudunsa da kansa, wani lokaci ya sauka ƙasa da wat 10. Tun 2013 dokar Tarayyar Turai ta kori mafi yawan tsofaffin daga kasuwanninsu. A ra'ayina, in kai tsaye za ka jona shi da wutar gari mai hawa da sauka, tsohon yayi ya fi juriya, kuma in kafasitonsa ya mutu mai gyaran fanka ma zai canza maka. In ta inbata mai kyau zai bi, ɗauki sabon.

Wurin ɗaurawa

A nan ne masu aiki ke saɓani, wasu su ce a bututun fita, wasu a na dawowa. Famfunan yanzu suna jure zafi har digiri 110, saboda haka zafi kaɗai ba hujja ba ne. A Ingila tsarin da aka saba shi ne a bututun fita: tukunya, sai bututun numfashi, sai bututun da ke saukowa daga tanki, tsakaninsu kada ya wuce santimita 15, sannan famfo. Tsari ne mai kyau ga tukunyar gas da ke da tanki can saman bene. Naka gidan daban ne. Takardun waɗannan famfunan suna neman ruwa mai tsayin kusan mita uku a kansu idan zafi ya kai digiri 90, amma rabin mita ya isa in bai wuce 75 ba. Tankinka na cikin silin da ƙyar ya wuce mita uku daga ƙasa, tukunyar itace kuma kan haura 90 ba tare da sallama ba. In tururi ya shiga famfo, farfelarsa sai ta yi ta juyawa a banza, za ka ji kamar an zuba tsakuwa a ciki, ruwa ya tsaya daidai lokacin da aka fi bukatar ya tafi.

Ni dai a bututun dawowa zan sa shi, kusa da tukunya, inda ruwa ya fi sanyi kuma ya fi nauyin tanki a kansa. Bututun da ke saukowa daga tanki ya shiga tsakanin famfo da tukunya, na numfashi ya tashi daga saman tukunya ya lanƙwasa a kan tanki. Waɗannan biyun kada a sa musu bawul, ko ɗaya, ko da wasa. Ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 daga sanyi zuwa tafasa, in ya zama tururi kuwa yana neman wuri fiye da ninki 1,600. Bututun numfashin nan shi ne ƙofar fitarsa. Na taɓa tarar da wani aiki da aka ɗaure shi da bawul wai don ruwa yana ɗiga a silin, jikina sai da ya yi sanyi.

Wajen ɗaurawa, a jikin famfon akwai kibiya, ta kalli tukunya. Sandar da ke juya farfela dole ta kwanta a miƙe daidai da ƙasa, wato kan famfon ya kalli gefe, kada ya kalli sama ko ƙasa, domin ruwan da ke ratsa shi ne man shafawarsa kuma shi ke sanyaya shi. In kan ya kalli sama iska ta taru can, ya ci kansa. Akwatin wayoyi kada ya kasance a ƙasa inda ɗigo zai taru. Akan kwance sukurori huɗu a juya kan yadda ake so. A sa bawul gaba da baya don ranar gyara, a sa mataci mai raga kafin famfon, murfinsa na kallon ƙasa. Yuniyon ɗinsa, wato manyan notocin da ke haɗa shi da bututu, da wosha ta roba suke kamawa, ba sa bukatar tef, kuma ba a danne su da dukan ƙarfi. Sannan kafin a ɗaura a wanke layin gaba ɗaya, don ruwan da ya shekara a ciki za ka gan shi baƙi kamar tawada, ga yashin rijiyar burtsatse a ƙasa.

Bayan an cika ruwa an fitar da iska a kowane lagireto, sai a sassauta babban sukurun da ke tsakiyar fuskar famfon, in mai gudu uku ne, har ruwa ya ɗigo. Ba a kunna shi a bushe. A fara da gudu na ɗaya. In bayan rabin awa ɗakin Hajiya ya ɗauki zafi, a bar shi a nan. Ka leƙa tankin silin da tocila yana cikin aiki. In ka ga ruwa na zubowa daga bututun numfashi, gudun ya yi yawa ko an yi kuskuren wurin haɗi.

Daren da aka ɗauke wuta

Tukunyar gas tana mutuwa da zarar lantarki ya yanke. Ta itace ba ruwanta, wutarta ci gaba take yi. Na ga wannan da idona a wani ɗakin 'yan tsaki a hanyar Shika. An sa famfo a tsakiyar babban bututu kai tsaye, ba wata hanya ta biyu. Wajen ƙarfe biyu na dare aka ɗauke wuta, yaron da ke gadi yana barci. Da asuba na tarar bututun roba da ke fitowa daga tukunyar ya saki ya langaɓe kamar dafaffiyar taliya, ruwa ya tsiyaye, ƙasan tukunyar ya ƙone ya yi ja. Allah ya kiyaye ba a yi gobara ba. Tun daga ranar ba na karɓar irin wannan aikin sai an yarda da sharuɗɗana.

Na farko, famfon ba ya zama a kan babban bututu. Ana fitar masa da ɗan reshe a gefe, babban ya wuce da kaurinsa, a sa masa bawul mai hana komawa baya, irin mai marfi da ke lilo ko mai ƙwallo. Famfo na aiki, bawul ɗin ya rufe. Famfo na tsayawa, ya buɗe da kansa, ruwa ya koma tafiyarsa ta dā. Kada a sa mai sifirin, ƙarfi mai faɗin yatsa ba zai iya buɗe shi ba. Wasu kan sa bawul na hannu, amma wa zai tashi ƙarfe biyu na dare ya buɗe? Ka ga raunanniyar tafiyar nan da kake kuka da ita, wadda ke zafafa lagireto biyu kawai, ita ce za ta cece ka a wannan daren. Saboda haka ɗaya daga cikin biyun nan a cire masa hannun bawul bayan an daidaita shi, kada wani ya rufe.

Na biyu, famfon ya bi ta inbata mai fitar da wuta tsaftatacciya, wadda ake sayarwa da sunan "fiyo sain". Masu arha suna sa shi gurnani da zafi. Batir mai am 100 da bolt 12, ko rabinsa kawai ka yi amfani da shi, zai riƙe famfo mai wat 45 wajen awa goma. In kuna da sola a gidan, an gama magana. A haɗa wayar ƙasa, a sa fiyus ƙarami mai am 3. Akwai kuma ɗan tamostat da ake ɗaurewa a jikin bututun fita, a saita shi wajen digiri 55 zuwa 60, ya riƙa kunna famfon da kansa. Amfaninsa biyu ne: ba mai mantawa, kuma ba a tura wa tukunya ruwan sanyi tun wuta ba ta kama ba, abin da ke sa cikinta ya yi gumi ya tara baƙin kwalta.

Na uku, mita ɗaya zuwa biyu na farko daga tukunya su kasance ƙarfe ko tagulla. Bututun roba irin PPR na ruwan zafi yana iya bi daga nan. PVC kuwa ba shi da gurbi a wannan aikin, digiri 60 ne iyakarsa. In duk da haka wata rana ta tafasa, a rufe ƙofar iskar da ke ƙasan wuta, a kwashe garwashin da shebur zuwa waje. Ba a watsa wa ƙarfe mai zafi ruwan sanyi, tsagewa yake yi.

Bari in faɗa maka wata gaskiya. Kilowat 12 ta yi wa sanyin Zariya yawa. An ƙera ta ne don wuraren da ƙanƙara ke sauka, mu kuwa darenmu na Disamba da Janairu wajen digiri 12 zuwa 15 ya saba tsayawa. Da an tambaye ni kafin a saya, da wata shawarar zan bayar, amma aikin gama ya gama. Ku riƙa hura wuta kaɗan, kada a cika mata itace a tafi barci. Ku toshe kafofin taga da ƙasan ƙofar ɗakin Hajiya, iskar hunturu ta nan take shigowa. Ɗakin tukunyar kuma ya samu iska daga waje, bututun hayaƙi ya wuce saman rufi, domin hayaƙin gawayi mai kisa ba shi da wari.

Akwai wata matsala da ta fi damunmu a nan fiye da masu ƙera famfon. Wata uku kawai zai yi aiki, ya zauna wata tara. Sanyi na dawowa ka kunna, ka ji yana gunaguni ba ya juyawa, don datti ya riƙe sandar. Kada ka ce ya ƙone. Kashe wutar, rufe bawul biyun, cire sukurun fuska, ka zura sukundireba mai faɗin baki cikin tsagar da ke kan sandar ka juya ta sau biyu ko uku, sai ta saki. Abin da ya fi shi ne ka riƙa kunna shi minti biyar sau ɗaya a wata, ko da a tsakiyar bazara ne. Kada a zubar da ruwan layin bayan sanyi ya wuce, sabon ruwa sabuwar iska yake kawowa, ita ce abincin tsatsa. A dai riƙa duba tanki kada ya bushe, a rufe shi saboda ƙura. Kuma famfon nan mai jikin baƙin ƙarfe ba na ruwan wanka ba ne, kada wani ya ce a ja wa banɗaki layi daga jikinsa.

Duk wannan na gina shi ne a kan bayaninka, ban ga aikin ba. In ya kasance tankin silin ɗin ba buɗaɗɗe ba ne, ko akwai wani jan tulu na ƙarfe da agogon matsi a jikin tukunyar, to rufaffen tsari ne, wurin haɗi zai canza, kuma dole a samu bawul ɗin kariya. Haka in an ja bututun dawowa ya hau saman ƙofa ya sake sauka, tafiyar ruwa da kanta ba za ta yi ƙarfin da za a dogara da ita ba, sai an gyara layin. Ka nuna wa mai gyaranka wannan amsar, ku auna tsawon bututu da tsayin tanki daga ƙasa tare, ku gwada komai da rana tun kafin Disamba: a hura wuta kaɗan, a bari ruwa ya kai digiri 60, a zare wayar famfon da gangan, ka dafa babban bututun dawowa da lagireto na farko ka ji ko zafi ya ci gaba da tafiya.